"Ko kuɗin da na kashe ban mayar ba": magana kan cinikin motar haɗi

Jama'ar Hawandawaki, da na Korgom, Bawdeta, Kona, Tasawa har zuwa Mayahi.

Duk shekara da an kai amfanin gona gida, an sayar da wake da gyaɗa da riɗi, sai cinikin abin hawa ya tashi. Wani zai sayi babur ya shiga kabu-kabu, wani ya haɗa da kuɗin rago biyu ya nemi a-kori-kura don jigilar ƴan kasuwa. A daidai wannan lokaci ne ake fito da motocin da suka yi damina ƙarƙashin bedi, a wanke su, a shafa musu fenti. Ka taya, mai mota ya girgiza kai ya ce, "Albarka. Wallahi ko kuɗin da na kashe ban mayar ba."

Wannan magana nake so mu tattauna yau, domin ta cinye dukiyar talakawa da yawa a yankin nan. Ra'ayina a fili yake: abin da ka kashe wa mota lissafinka ne kai kaɗai, mai saye bai ci bashinka ba. Kuma wanda ya sayar da motar haɗi bai faɗa cewa haɗi ce ba, ya ci haram, ko da an yi shaidu goma an tafa hannu.

Ga wanda bai sani ba, motar haɗi ita ce wadda ba haka ta fito daga kamfani ba. Shasi na wata mota ne da ta yi haɗari, inji an ciro shi daga wata, giya daga ta uku, bodi kuma mai walda ya yanka ya ɗinke. A babura ma haka ne: firam na wani kamfani, inji na wani, tanki sabo fil da tambarin da ya fi tsada a kasuwa.

Kada a fahimce ni a karkace. Haɗa mota sana'a ce mai daraja, kuma ba domin makanikanmu ba da rabin ƙauyukan nan sun koma amalanke zalla. Ita kanta Peugeot 504 da iyayenmu ke yabo, a guntu-guntu ake kawo kayanta daga Faransa a ɗaure ta a Kaduna, a masana'antar da aka buɗe a 1975. Babur ɗin da kake alfahari da shi "na kwali" ne, a kwance ya zo cikin kwali, yara suka ɗaure shi a bakin shago a Maraɗi ko Katsina. Bambancin kawai shi ne waɗancan kayan an ƙera su ne don junansu, kuma takarda ɗaya ta biyo su. Motar haɗinmu kuwa auren dole aka yi wa ƙarafan, kuma babu wanda ya rubuta ranar ɗaurin auren.

Ba mu kaɗai ke da irin wannan mota ba. A Ingila tun 1957 kamfanin Lotus ya riƙa sayar da wata ƴar ƙaramar motar tsere mai suna Seven a warware, mutum ya kai gida ya ɗaure abarsa, domin a lokacin motar da aka saya a haka ba ta biyan harajin da sabuwar mota ke biya. A 1973 kamfanin Caterham ya sayi haƙƙin ƙera ta, kuma har yau yana yi. Su ma can idan mai irin wannan mota ya tashi sayarwa, ciwon ɗaya ne da namu: yana son a biya shi dararen da ya kwana a gareji. Amma dokarsu ta yi wani abu da ya kamata mu duba. Motar da aka haɗa dole a kai ta gwajin hukuma kafin ta hau titi, kuma wadda aka kasa tantance shekarunta ko asalinta, lambar da ake ba ta da harafin Q take farawa. Tun daga nesa mai saye ya san da abin da yake ciniki, ya rage kuɗinsa daidai da haka. Su a goshi suke rubuta wa motar tarihinta. Mu kuwa fenti muke shafawa a kai.

To mu zo ga lissafi. A ce wani ya sayi gawar a-kori-kura jika 400. Ya sa mata inji na jika 350, walda da fenti suka ci jika 150, taya da batir jika 100. Ya kashe miliyan ɗaya ke nan. Ya yi shekara biyu yana cin kasuwanni da ita, tana ɗaukar buhuna da awaki da mutane a sama, ta ciyar da gidansa. Yau ya ce miliyan ɗaya da jika 300 yake so, wai "don ya ɗan samu na goro". Haba Alhaji! Shekara biyun da ta yi maka bauta fa, a asusun wa za a rubuta su? Tayar da ka saya ta suɗe. Batir ya tsufa. Injin da ka sa ba sabo ba ne tun farko, wani ne ya more shi a Turai ko a Legas kafin ya iso hannunka. Kuma gyara ba ƙari ba ne. Wanda ya kai saniyarsa wurin likitan dabbobi ta warke, ba ya ɗora kuɗin allura a kan farashinta ran kasuwa. Lafiyayyar saniya ake saye, a kuɗin lafiyayyar saniya.

Farashin adalci daga kasuwa yake farawa. A nemi irin wannan mota wadda ba haɗi ba, mai cikakkun takardu, a tambayi nawa aka sallama ta kwanan nan. Na ce nawa aka sallama, domin kuɗin da ake faɗa da baki a tasha daban, wanda aka ƙirga a hannu daban. Daga nan sai a fara ragewa. A rage abin da gyaran takardu zai ci. A rage kuɗin abin da makanike ya ce zai mutu nan da wata shida. A rage wani abu saboda wahalar kayan gyara, domin ranar da ta lalace a cikin rairayi tsakanin ƙauye da ƙauye, yaron da aka aika Tasawa zai faɗi sunan motar a ba shi kayan da ba za su shiga injin ba. Sannan a rage saboda ranar da shi ma mai sayen zai so sayarwa, tunda masu neman motar haɗi ba su da yawa. Abin da ya saura shi ne kuɗinta. In ya yi ƙasa da abin da ka kashe, to ka ci bambancin a cikin shekarun da ka yi kana hawa.

Babban rami kuma shi ne takardu. Mu mutanen bakin iyaka ne, taku kaɗan ka shiga jihar Katsina. Abin hawa na shigowa ta hanyoyin daji ba tare da ya ga duwan ba, kowa ya sani. Idan lambar shasi da ke jikin ƙarfe ba ita ce a kan kart giriz ba, ko an goge ta an sake bugawa, to abin da ke hannunka ba mota ba ce a idon hukuma. Muddin kana zagaya ƙauyuka ba wanda zai kula. Ranar da ka hau kwalta za ka Maraɗi ko Damagaram jandarmomi suka duƙa suka duba, ranar ce za ka san nawa ka saya. Mafi muni, a wannan zamani na ɓarayin daji da sace-sacen babura, injin da ka saya da arha yana iya zama na wani bawan Allah da aka tare a hanya. Wanda aka kama da kaya shi ne ɓarawo har sai ya nuna wanda ya sayar masa, shi kuwa dillali ya ce bai taɓa ganinka ba. Saboda haka mota marar takarda kuɗin ƙarfe da kayan gyara ne kuɗinta, komai daɗin ƙarar injinta.

Akwai kuma waƙar da masu sayarwa suka koya: "Ai iyaka a rufe take, mota ta yi tsada." Da gaskiya a ciki. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da takunkumin CEDEAO, hanyar Kwatano ta gadar Gaya ta tsaya, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, kuɗin sufuri ya ƙaru. Amma wannan ya shafi motar da ta sauka daga jirgin ruwa. Mene ne haɗin tashar Kwatano da gawar da ke kwance bayan gidanka tun kafin korona? Su kuma ba sa faɗin ɗaya rabin labarin. Tun Yuni 2023 naira ta faɗi, daga wajen 460 a dalar Amurka ɗaya ta haura 1,500 a 2024, alhali sefa na ɗaure da yuro ba ta motsa ba. Wanda ya tsallaka da sefa ya sayo inji a Kano ko Katsina a wancan lokacin, arha ya samu. Sai ya dawo yana lissafa mana miliyoyin naira don mu razana. Malam, faɗa mana da sefa.

Ƴan kamasho, ku ma ku matso. La'ada halal ce, wahalarku ce. Abin da ba halal ba shi ne mai mota ya ce jika 700, ku ce wa mai saye jika 900, ku karɓi la'ada a hannu biyu sannan ku haɗiye tsakiya. Da kuma dabarar nan ta kawo abokinku ya yi taya ta ƙarya a gaban baƙauye don ya ji tsoron kada a riga shi. Wannan shi malamai ke kira najashi, kuma Manzon Allah (SAW) ya hana shi. Kowa ya ji labarin ranar da ya sa hannunsa mai albarka cikin tulin hatsi a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata wa mai hatsin don bai bar jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani ba. Fenti a kan tsagaggen shasi da busasshen hatsi a kan jiƙaƙƙe, ina bambancin?

Na san amsar da za a ba ni: "Ai ciniki yarda ne. Ya gani, ya zagaya ta, na ce masa yadda ka gani haka ka saya." Ya yarda da abin da ya gani, bai yarda da abin da ka rufe ba. Duk almajirin da ya kai babin ciniki a Risala ya san cewa a mazhabarmu ta Malikiyya ɓoye aibi haramun ne, kuma wanda ya gano tsohon aibi bayan saye yana da haƙƙin mayar da kaya. Cewa "babu ruwana da abin da ya biyo baya" ba ta wanke wanda ya san aibin ya yi shiru. Wasu kuma za su ce in an faɗi gaskiya mota ba za ta sayu ba. Za ta sayu, a kuɗinta na gaskiya. Abin da ba zai samu ba shi ne rarar da dama ba taka ba ce.

Masu saye, ba na sallame ku ba. Adalci kaifi biyu gare shi. Idan bazara ta yi, rumbu ya yi ƙasa, ko mutum yana da marar lafiya a asibiti ya fito da babur ɗinsa, sai ku taru ku yi masa tayin wulaƙanci, kowa na cewa "ai haɗi ne" don a karya shi. Motar haɗin da aka san makanikin da ya yi ta, takardunta suka daidaita, ta yi shekaru tana aiki a gaban idon kowa, ta fi wata ƴar Kwatano mai sheƙi da ba wanda ya san abin da ke cikinta. Ku biya ta kuɗinta.

Garin da sunansa ma hawan dawaki ne bai kamata a koya masa cinikin abin hawa ba. Kakanninmu ba sa sayen doki sai sun buɗe bakinsa sun ga haƙora, sun ɗaga kofato, sun hau sun sukwane shi. Malaman Malikiyya sun ba da wajen kwana uku na zaɓi ga mai sayen dabbar hawa, ya gwada kafin ciniki ya ƙullu. Me zai hana mu yi haka da ƙarfe? Mai saye ya zo da makanikinsa, ba na mai mota ba. A tada injin da sanyin safiya kafin ya yi zafi, a ɗora mata kaya a shiga rairayi da ita. A duba lambar shasi da ta inji a gwada da takarda. Sannan a rubuta takardar ciniki a gaban mai gari ko a kai meri a buga hatimi, a rubuta ƙarara: wannan mota haɗi ce, injinta na kaza ne, an yi walda a wuri kaza, la'adar dillali kaza ce. Wanda ya ƙi a rubuta, ya riga ya gaya maka abin da kake son sani, ka riƙe kuɗinka.

Ina kira ga shugabannin tasha, da ƙungiyoyin direbobi da ƴan kabu-kabu, da limamanmu a huɗubar Juma'a, su ɗauki wannan magana kafin kakar bana ta wuce. Kuɗin da ake asara a nan guminmu ne na damina guda, wani ma sadakin aurensa ne.

Allah ya ba mu halal, ya tsare mu da cin haƙƙin juna. Amin.