Kafso Ba Maganin Mura Ba Ne

Ya ku talakawa da 'yan kasuwa, ba mu manta da watan Afrilu na 2020 ba, lokacin da makara ke bin makara a birnin Kano. Mu mutanen Ƙofar Ɗan Agundi maƙabarta na maƙwabtaka da mu, ba labari aka ba mu ba. Daga baya Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya ce mutum 979 suka rasu, rabinsu ko fiye ana zaton korona ce sanadi.

To, me muka koya? Har gobe da mutum ya yi atishawa sai ya ruga kemis, ko ya kira mai tallar magani a faifai, a ba shi kafso ja da baƙi ya haɗiye.

Ku saurara. A cikin hanjin kowane ɗan Adam akwai ƙwayoyin halitta masu amfani, ba sa ƙirguwa. Suna cin dusar gero da wake da ganye, suna fitar da abin da ke saita garkuwar jiki, don kada ta wuce gona da iri ta kumbura huhu. Kumburin nan shi ke hana numfashi. A wani bincike da aka wallafa a 2021, likitocin Hong Kong sun duba majinyatan korona 100, suka tarar waɗanda ciwo ya fi tsananta a kansu sun fi ƙarancin ƙwayoyin nan, alamun kumburi kuma sun fi yawa a jininsu.

Kafso kuwa bakteriya yake kashewa, ba ya bambanta mugu da nagari. Bairos mai kawo mura da korona ko gezau. Wato kun biya kuɗi an kori dogaran gidanku, ɓarawo na zaune a zaure! Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2024 cewa kashi 75 cikin ɗari na waɗanda aka kwantar don korona an ba su irin maganin nan, alhali kashi 8 kaɗai ke bukatarsa.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai talla da laifi, amma wa ya bar talaka ba likita, sai ya wuni a layi ya rasa cinikin ranar? Mahukunta ne.

Muna neman likita a asibitin kowace unguwa, a kuma hana sayar da kafso sai da takardarsa. Kafin nan, mai mura ya sha ruwa, ya ci abinci, ya huta. In numfashi ya fara sarƙewa, a garzaya asibiti, ba kemis ba.