Wanda Ya Gama Zaman Kaso, A Bar Shi Ya Nemi Halaliya

Alƙali yakan yanke wa mai laifi shekara biyu ko biyar, amma jama'a sukan ƙara masa ɗaurin rai-da-rai. Ranar da gandiroba ya buɗe masa ƙofar gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse, zai fito riƙe da ledar kayansa, a hannunsa kuma ga sana'ar ɗinki ko kafinta da ya koya a ciki. Da ya je shagon tela neman aiki, tambayar farko ita ce, "Ina ka shiga kwana biyu?" Ta biyu kuma, "Wa zai tsaya maka?" In ya faɗi gaskiya, a ce masa, "Je ka, za mu neme ka." In ya ɓoye, ranar da asiri ya tonu a sallame shi.

Ba mu ga laifin mai shago gaba ɗaya ba. Wanda maciji ya taɓa sara, ko igiya ya gani sai ya razana, kuma babu mai son damƙa dukiyarsa ga wanda bai amince da shi ba. Amma mutumin da aka toshe wa kowace hanyar abinci, tsofaffin abokansa ne kaɗai za su yi maraba da shi, kuma unguwar da ta ƙi shi ita ce za ta kwana da ido ɗaya. Ga kuma wani zalunci: kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a Najeriya jiran shari'a suke yi. Wasu kotu ta wanke su daga baya, amma bakin duniya ba ya bambance su da waɗanda aka samu da laifi.

A rubuce, doka ta yi nata. A shekarar 2019 aka sauya sunan hukumar gidajen yari zuwa ta gyaran hali, kuma sashe na 14 na dokar ya tanadi takardar shaidar kyawun hali ga ɗaurarren da ya shiryu, tare da hana a nuna wa mai riƙe da ita bambanci saboda zaman da ya yi. Jami'ar NOUN tana koyar da ɗaurarru kyauta a Kuje da Kirikiri da wasu wurare, har an samu masu digiri. To amma masu ɗaukar ma'aikata nawa ne suka taɓa jin labarin takardar shaidar kyawun halin nan?

Tsarin mulkinmu ma ya yi wa abin iyaka: wanda aka hukunta kan rashin gaskiya, bayan shekara 10 yana iya tsayawa takarar gwamna, har ta shugaban ƙasa. In ana iya ba shi amanar baitulmali, da wane dalili za a hana wani gadin makaranta ko tuƙin motar ofis har abada? A Birtaniya, tun 1974 aka yi dokar da ta ce ƙananan laifuffuka suna shafewa bayan wani wa'adi, ba sai mai neman aiki ya ambace su ba, ban da ayyuka irin na kula da yara. Ya kamata majalisar dokokinmu ta yi makamanciyarta.

Tun da gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi hurumi a harkar gidajen gyaran hali, gwamnoni ba su da sauran uzuri. Su fara da kansu: su ɗauki masu takardar shaidar kyawun hali aiki, su ba gidajen kafinta da na ɗinki da suka karɓe su kwangilar kujerun makaranta da kayan ɗalibai.

Sauran aikin yana hannun unguwa. Abin da ya fi tsaya wa tsohon ɗaurarre a wuya shi ne rashin mai tsaya masa. Mai unguwa da liman da shugaban ƙungiyar masu sana'a za su iya haɗuwa su kai shi gaban ubangida, su ce, "Mun san abin da ya yi, ya kuma biya. Gwada shi wata uku, muna nan."