A Koya Wa Masu Bincike Rubutun Turanci

Tun da aka kafa Jami'ar Ibadan a 1948, da ta Ahmadu Bello a Zariya a 1962, da Turanci ake rubuta binciken ilmi a Nijeriya. Malamin jami'a kuwa ba ya samun ƙarin girma sai an buga bincikensa a mujallun masana, watau inda ƙwararru ke tace kowace takarda kafin a karɓe ta.

To, a nan gizo ke saƙar. Mai bincike ya kan shekara uku yana gwajin irin dawa, ya gano abu mai amfani, amma a mayar masa da takardarsa domin jimlolinsa sun sarƙe, an kasa fahimtar manufarsa. Daga nan sai ya faɗa hannun mujallun 'yan damfara, masu karɓar kuɗi su buga kome ba tacewa. Wahalarsa ta tashi a banza, manomi bai amfana ba.

Dalili a fili yake. Darasin Turancin da ake yi wa 'yan shekarar farko ba ya koyar da yadda ake gabatar da matsala, a bayyana hanyar gwaji, a jera sakamako, sa'an nan a kafa hujja a taƙaice.

Lalle ya kamata Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta wajabta wannan horo ga duk mai neman digiri na biyu da na uku. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, shi ya cancanci ɗaukar nauyin. Manyan shaihunnan malamai kuma su riƙa zama da almajiransu suna gyara rubutu layi layi. Ilmin da ba a iya karantawa ba shi da bambanci da wanda aka binne.