Filin Sani: Ganuwar ƙwayar cuta da kafson kasuwa

Ranar kasuwa a Belbeji, hedkwatar gundumar Tarka, mai tiren magani ba ya rasa ciniki. Mai mura ya ce a ba shi kafso na dala goma, makiyayi ya sayi nasa domin ɗan maraƙin da ke zawo, kowa ya ƙulle a gefen rawani ya kama hanya. To amma kaɗan ne daga cikinsu suka san abin da kafson nan ke yi idan ya shiga ciki.

Duk wani mai rai, daga gawon da ke tsaye a kwarin Tarka har zuwa raƙumi da mai raƙumin, da ƙananan ƙwayoyin halitta aka gina shi, kamar yadda ake gina soro da tubali. A jikin babban mutum akwai kimanin biliyan dubu 30. Akwai kuma halittun da ƙwaya ɗaya tak ce dukan jikinsu, su ne bakteriya, waɗanda sai an jera dubu kafin su cika milimita ɗaya ko biyu. Wanda ya fara ganinsu, a shekarar 1676, ba likita ba ne, wani mai sayar da yadi ne a garin Delft na ƙasar Holan, Lewenhuk, wanda ya ƙware wajen goge gilashin ƙara girman abu. Ƴan kasuwa na da abin tinƙaho a nan.

Ƙwayar jikin ɗan Adam tantani ne mai laushi kawai ya lulluɓe ta. Ita kuwa bakteriya, bayan tantanin, tana da ganuwa mai tauri, irin wadda Sarki Tanimun ya kewaye Birnin Damagaram da ita. Cikinta a cike yake tam kamar salkar da aka ɗura a bakin rijiya, ganuwar ce ke riƙe da ita. Penisilin, wanda Fleming ya gano a Landan a 1928, da danginsa irin su ampisilin da amoksisilin, aikinsu shi ne hana ta ɗinke ganuwar a lokacin da take girma za ta rabu biyu. Sai ta fashe. Jikin mutum ba shi da wannan ganuwa, shi ya sa maganin ke wuce ƙwayoyinsa ya faɗa wa na cuta.

Mura kuwa, galibi birus ke kawo ta, shi ko birus bai ma kai matsayin ƙwayar halitta ba, balle ya yi ganuwa. Mai shan kafso domin mura ya yi asarar kuɗinsa, kuma da asarar ta tsaya nan da sauƙi. Bakteriyar da ke zaune cikin hanjinsa ta ɗanɗani maganin, masu rauni sun mutu, masu taurin kai sun saura da fili. Wata irin, in ta sami abinci da ɗumi, tana rabuwa biyu kowane minti 20, wato guda ɗaya ta haura miliyan 2 cikin awa 7, kowace ta gaji taurin uwarta. Fleming da kansa ya yi kashedi a kan shan abin da bai kai ƙima ba tun 1945. A 2019 an ƙiyasta mutum miliyan 1.27 suka rasu a duniya saboda bakteriyar da ta daina jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce abin ya fi yi wa ɓarna.

Sanƙarau, wanda ya addabi Nijar a 1995 da 2015, ya kuma sake ɓulla a jihar Damagaram a ƙarshen 2022, bakteriya ce mai ganuwa, allurar seftiriyakson da ake yi a asibiti ganuwar take rusawa. Amma cutar na iya kisa cikin kwana ɗaya ko biyu, saboda haka yinin da aka ɓata ana gwada kafso a ruga yana da tsada ƙwarai.

Matan makiyaya ma abin na shafar ƙwaryarsu. Bakteriya ce mai amfani ke sa madara ta yi barci ta zama nono. Saniyar da aka ɗirka wa magani tana fitar da shi cikin madararta na ƴan kwanaki, sai a kwana a tashi a tarar madarar ba ta kama ba.