Firgici a sashen gaggawa: "ba komai" ba magani ba ne

Ma'aikacin da aka garzayo da shi asibiti daga ofis yana haki, gumi na keto masa, yana rantsuwa ajali ya zo, hannun ma'aikaciyar jinya yake fara faɗawa. Mai yiwuwa firgicin farat-ɗaya ne, wanda kan tsananta cikin kimanin minti 10 sannan ya lafa. Sai dai ciwon zuciya, asma da faɗuwar sukari su ma da wannan kama suke zuwa. Wajibi ne ta auna jini, numfashi da sukari, a duba zuciya da na'ura, kafin a yanke hukunci.

Ko awon ya fito lafiya, da sauran aiki. Wanda aka sallama da "ba komai" yakan dawo, ko ya ɗauka iska ce. Kamata ya yi ta tambaye shi barcinsa, magungunan da yake sha da abin da ke damunsa, ta bayyana masa sunan cutar, a haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023 ta tanadi haƙƙin irin wannan majinyaci. Saura Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta horar da masu tarbarsa.