Muryar Infoma Kotu Za a Kai Ta

A watan Satumban 2021 gwamnati ta katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, ciki har da Sabon Birni da Isa. Hujjarta ita ce da waya infoma ke tsegunta wa 'yan bindiga motsin jami'an tsaro. Mu mutanen wannan yanki, tun daga Gangara har Gatawa, mun san sauran: da waya ake cinikin kuɗin fansa, da ita ake faɗa wa gari harajin da zai biya kafin ya shiga gona. To in waya ce makamin ɓarawo, ita ce kuma shaidar da za ta kama shi.

Shi ya sa ba mu yarda da masu cewa laifi ne mutum ya naɗi muryar mai yi masa barazana ba tare da saninsa ba, wai an keta masa sirri. Gaskiya ne sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin hirar waya, kuma Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane. Amma manomin da aka kira aka ce ya kawo kuɗi ko a ƙone masa rumbu bai laɓe a bayan dangar kowa ba. Shi aka kira, a kunnensa aka faɗa. Dokar Shaida ta 2011 ma ba ta rufe masa ƙofa ba. Sashe na 14 da na 15 sun ce ko shaidar da aka samo ta hanyar da ba ta dace ba ana karɓarta, sai in alƙali ya auna ya ga illarta ta rinjayi amfaninta. Wane sikeli ne zai ɗora sirrin mai garkuwa da mutane a kan ran wanda ya kama?

Inda gizo ke saƙar shi ne abin da muke yi da muryar bayan an naɗa. Kafin la'asar ta zagaye zaurukan WhatsApp, kafin magariba an sa mata suna: wai muryar wane ce ɗan gidan wane. Nan take an gama shari'a, ba alƙali ba lauya, sai matasa da gora. In mai laifin ne, mun sanar da iyayen gidansa na daji wanda ya tona shi, mun sa wuyan mai wayar a igiya. In kuwa kama ce kawai ta murya, mun ɗauki alhakin jinin da ba za mu iya biya ba.

Mu da ke sana'ar kwamfuta mun san abin da yawon nan ke yi wa shaida. Muryar da ta bi ta hannu goma ta rabu da asalinta, ba a san wayar da ta ɗauke ta ba, balle ranar. Yanke tsakiyar magana a haɗa farko da ƙarshe aikin minti biyar ne, ga kuma manhajojin da ke kwaikwayon muryar mutum ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. Sashe na 84 na dokar nan ya bukaci a yi wa kotu bayanin na'urar da ta samar da shaidar, kuma tun a shari'ar Kubor da Dickson Kotun Ƙoli ta ƙi karɓar abin da bai cika wannan sharaɗi ba. Lauyan wanda ake tuhuma tambaya ɗaya zai yi: ina wayar farko? In babu amsa, mai laifi ya kama hanyar gida.

Don haka duk wanda ya naɗi irin wannan murya ya bar ta a wayar da ta ɗauka. Kada ya yanke ko ya tura wa kowa. Ya rubuta rana da lokaci da lambar da ta kira, ya nemi lauya ko jami'in da ya amince da shi.

Mun san amsar da za a ba mu a Gangara: wa zai kare wanda ya kai ƙara? Wannan tambaya gwamnati za ta amsa. Wadda ta iya rufe layukan ƙananan hukumomi 14 ba za ta kasa buɗe hanyar da talaka zai miƙa shaida a ɓoye sunansa ba. Muddin ba ta yi haka ba, WhatsApp zai ci gaba da zama kotunmu, kuma kotu ce da ba a ɗaukaka ƙara a cikinta.