Gada Tsakanin Python da Harsunan C da Fortran: Me Ya Kamata Manazarci Ya Zaɓa?

Manazartan harshe da ke ƙirga kalmomi a rumbun matani ko auna amon sautuka sun rungumi Python, harshen kwamfuta da Guido van Rossum ya fitar a 1991, saboda sauƙin koyonsa. Sai dai yana da nawa wajen lissafi mai maimaituwa, domin kwamfuta na fassara umarninsa ne a daidai lokacin da take aiwatarwa. C da Fortran kuwa, ana juya su zuwa harshen inji tun kafin aiki ya fara. Don haka akan rubuta ɓangaren da ya fi nauyi da ɗayansu, a kira shi daga Python. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, ingancin sakamako da ɗorewar aiki su ya kamata su jagoranci zaɓen gadar da za ta haɗa su, sauri ya biyo baya.

Da farko, ba kowane nazari ke buƙatar gadar ba. NumPy, wanda Travis Oliphant ya fitar da cikakken zubinsa na farko a 2006, an gina cikinsa da C, kuma yana dogaro da BLAS da LAPACK wajen lissafin jadawalin lambobi. Wanda ya iya sarrafa shi ya riga ya ci moriyar saurin.

Idan bukata ta wuce nan, a dubi asalin abin da za a kira. Tsohon aikin Fortran ya fi dacewa da f2py, wanda ke zuwa tare da NumPy. Dalili kuwa, Fortran na jera lambobin jadawali daga sama zuwa ƙasa, C kuma layi bayan layi, f2py kuwa na daidaita wannan saɓani da kansa. Sabon aiki ya fi dacewa da Cython, wanda ya tsiro daga Pyrex a 2007, saboda rubutunsa ya yi kama da Python, mai duba kundi zai iya bin sa. Aikin C++ kuma yana da pybind11.

Masu fifita ctypes suna da hujja: yana cikin Python tun zubi na 2.5, ba sai an girka komai ba, abin da ke da muhimmanci inda intanet ke da tsada. Amma idan ba a fayyace masa nau'in amsar da za ta dawo ba, sai ya ɗauke ta cikakkiyar lamba. Lissafin da amsarsa ke da ɗigo zai dawo a gurɓace, ba tare da wani gargaɗi ba. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Mai nazarin Hausa yana da ƙarin tarko. A tsarin UTF-8, haruffan ɓ, ɗ da ƙ kowannensu bayit 2 ne, kuma strlen na C bayit yake ƙirgawa. Kalmar "ƙasa" mai haruffa 4 za ta fito da tsawon 5, ta fi "kasa" tsawo. Ƙididdigar tsawon kalmomi da aka gina a kan wannan ta rushe tun daga tushe.

Saboda haka ya dace sassan Hausa su nemi duk ɗalibin da ya yi irin wannan aiki ya bayyana gadar da ya bi da zubinta, ya kuma gwada sakamakonsa da ƙaramin samfurin da aka ƙirga da hannu.